Yadda Za Ka Rage wa Majinyacinka Wahalar Kwanciya a Sashen Kulawa ta Musamman

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ƙofar sashen kulawa ta musamman, wanda ma'aikatan asibiti ke kira ai-si-yu, ya san tambaya ɗaya ce a bakin dangi daga safe har dare: zai tashi ko ba zai tashi ba? Akwai wata tambayar da ba a cika yi ba, wato me shi majinyacin yake ji a daidai lokacin da muke zaune a kan tabarma muna jiran fitowar likita. Waɗanda Allah ya tashi kafaɗunsu, idan aka zauna da su bayan an sallamo su, ba kasafai suke ba da labarin cutar da ta kwantar da su ba. Abin da yake tsaya musu a rai shi ne ƙishirwa, da robar da ke maƙogwaro, da fitilar da ba a kashewa, da ƙaiƙayin da hannu ya kasa kaiwa, da maganar da ta zo baki ta rasa hanyar fita. Kawuna ya yi kwana 9 a irin wannan ɗaki bayan tiyatar ciki, kuma da muka tambaye shi abin da ya fi gallabarsa bai ko ambaci ɗinki ba. Cewa ya yi ƙarar ruwan famfo idan ma'aikata suna wanke hannu, yana ji, harshensa ya bushe kamar ƙirgi, ba shi da halin cewa a sam masa.

A Sakkwato da yawa daga cikin masu irin wannan rashin lafiya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ake kai su, kuma ba mutanen cikin gari kaɗai ba, har da waɗanda ake turowa daga Kebbi da Zamfara da masu ƙetarowa daga Nijar ta Illela. Kowane asibiti da dokokinsa a kan lokacin shiga da abin da aka yarda dangi su yi, saboda haka duk abin da za a faɗa a nan sai da izinin nas ɗin da ke kan gadon, kuma idan maganarta ta saɓa da tawa, tata ce a gaba.

A fara da raba shi da "da sauƙi"

An tarbiyyantar da mu a kan dauriya. Dattijo ba ya raki a gaban 'ya'yansa, mace ba ta son a ce ta yi kuka a wurin haihuwa, Bafulatani kuwa kunya da kara sun hana shi ya ce yana jin yunwa balle ciwo. Wannan hali ne mai kyau a gida, amma a kan gadon asibiti yana jawo cutarwa. Nas za ta zo ta ce, "Baba, ya jiki?" ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi," sai ta rubuta cewa ba ya jin ciwo ta wuce gado na gaba, alhali gaisuwa ya amsa, ba bayani ya yi ba. Ciwon da aka ɓoye kuma ba a banza yake zama ba: yana ƙara bugun zuciya da hawan jini, yana hana barci, yana hana mutum jan numfashi mai zurfi da yin tari, majina ta taru a ƙirji har ta kai ga ciwon huhu.

Aikinka na farko shi ne ka raba gaisuwa da tambaya. Ka gaishe shi yadda aka saba, ya amsa, sannan ka ce, "Baba, yanzu ba gaisuwa ba ce, likita ne yake son ya sani don ya daidaita magani, ku nuna mini inda ya fi damunku." Ma'aikata suna auna ciwo daga 0 zuwa 10, inda 0 ke nufin babu komai, 10 kuma ciwon da ba a taɓa jin irinsa ba. Ka bayyana masa wannan da harshen da ya fi ganewa, ya nuna da yatsu idan baki ba ya buɗuwa. Idan kuwa ba ya cikin hayyacinsa sosai, ma'aikata suna duba abu 4: yanayin fuska, da motsin jiki, da taurin gaɓoɓi idan an lanƙwasa su, da yadda numfashinsa ke jituwa da na'ura ko kokawa da ita. A nan ka fi su sani, domin ka shekara da shekaru kana ganin wannan fuskar. Idan ka san Inna ba ta cije leɓe sai abu ya kai mata iyaka, ka faɗa wa nas haka ƙarara.

Wasu dangi sukan tsorata idan sun ji an ambaci mofin, wato wani maganin ciwo mai ƙarfi, ko makamancinsa, saboda abin da suka gani tramol da kodin sun yi wa matasa, har ta kai gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Tsoron yana da dalili, amma bai dace da wannan wuri ba. Maganin da ake bayarwa a kan ƙididdiga, ana auna numfashi da bugun zuciya kowane lokaci, ana rage shi idan sauƙi ya samu, ba ɗaya yake da wanda ake saye a bayan kanti ba. Kada ka hana a ba shi, kuma kada ka zuga majinyaci ya ƙi.

Wani abin lura shi ne zafin yakan ƙaru ne a lokacin da ma'aikata ke yi wa majinyaci wani abu a jiki, fiye da lokacin kwanciya shiru. Wani babban bincike da aka wallafa a 2014, wanda ya haɗa sassan kulawa ta musamman a ƙasashe 28, ya gano cewa cire robar ƙirji, da cire robar da ke tsane ruwan rauni, da sa allura a jijiyar da ke bugawa, su ne suka fi zafi. Juya mutum a gado ma, wanda muke gani kamar ba komai ba, yana daga cikin abin da masu ɗinki da karaya suka fi kuka da shi. Don haka ba rashin kunya ba ne ka tambaya cikin ladabi, "Sista, ko za a iya ba shi maganin ciwo kafin a juya shi?"

Bakin da aka rufe

Robar numfashi tana bi ne ta baki ta ratsa daidai wurin da murya ke fitowa a maƙogwaro, shi ya sa mutum zai motsa leɓe amma ba sauti. Majinyata da yawa sukan ɗauka sun zama bebaye ke nan har abada, saboda ba wanda ya yi musu bayani, ko an yi a lokacin da ba su farka ba. Ka gaya masa, ka kuma maimaita kullum, cewa robar ce ta tare muryar kuma za ta dawo idan an cire.

Sai ku yi yarjejeniyar alama guda wadda ba ta canzawa, misali matsa hannu sau ɗaya na nufin e, sau biyu na nufin a'a, ka sanar da nas da duk wanda zai karɓe ka. Tambaya ɗaya ake yi a lokaci guda, wadda amsarta e ce ko a'a, a kuma jira, domin magani yana sa tunani ya yi nauyi. Ka bi abubuwan da aka fi fama da su bi da bi: ciwo ne, ƙishirwa ce, numfashi ne, zafi ko sanyi, a juya ku, ƙaiƙayi, fitsari, salla, ko wani kuke son gani? Idan yana karatu, ka rubuta waɗannan da manyan baƙaƙe a kwali ya riƙa nunawa, kuma kada ka manta cewa a ƙasar nan dattawa da yawa da ake ɗauka ba su iya karatu ba suna karanta ajami tiryan-tiryan, boko ne kawai ba su yi ba. Wanda Fulfulde ko Zabarmanci ne harshen uwarsa, rashin lafiya takan mayar da shi can ko da ya iya Hausa, sai a nemo cikin dangi mai jin harshen. Abin da ya fi ɓata wa majinyaci rai shi ne ka gyaɗa kai ka ce "to, to" alhali ba ka fahimta ba. Gara ka ce, "Yaya, ban gane ba, mu sake."

Ƙishirwa

Mutumin Sakkwato ya san ƙishirwar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, amma waɗanda suka kwanta a wannan sashe suna cewa tasa daban ce, domin ba ta da lokacin shan ruwa. Dalilanta da yawa: baki a buɗe yake dare da rana saboda roba, iskar oksijin tana busar da hanci da maƙoshi, wasu magunguna suna rage yawu, wasu suna sa yawan fitsari, ga zazzaɓi, ga masu ciwon ƙoda ko zuciya da aka ƙayyade musu ruwa da gangan. Ƙarin ruwan da ke rataye yana isar jiki, amma ba ya jiƙa harshe, shi ya sa cewa "ai ga ruwa ana ƙara maka" ba ta kwantar wa kowa da hankali.

A nan ne tausayi yake kai mutane ga ɓarna. Wanda ke da roba a maƙogwaro, ko wanda hankalinsa bai gama dawowa ba, ba ya iya haɗiya yadda ya kamata, kuma ruwan da aka ɗura masa zai iya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu ya haddasa cutar da ta fi wadda aka zo da ita. Garin neman gira sai a rasa ido. Wannan hukunci bai bar komai ba: ruwan randa, da shayi, da kunu, da zuma, da jiƙe-jiƙe, har da rubutu da zamzam, domin huhu bai san bambancinsu ba. Na san wannan yana yi wa mutane nauyi, musamman idan malamin gida ne ya aiko da rubutu daga nesa. Mafita ita ce a nemi izini a shafa masa a goshi ko a hannu, nesa da wuraren allura da ɗinki, ko a ajiye har ranar da aka ba shi damar sha. Addu'a kuwa ba ta buƙatar haɗiya.

Abin da za a iya yi ba kaɗan ba ne. Binciken da aka yi a Amurka aka wallafa a 2014 ya nuna cewa abu 3 masu sauƙi suna rage ƙishirwa sosai: goge cikin baki da auduga mai danshi, da fesa ɗan ruwa mai sanyi ƙwarai, da shafa wa leɓe abin da zai hana shi tsagewa. Sanyin yana da muhimmanci, domin akwai jijiyoyi a baki da maƙoshi da ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙon an sha ruwa tun kafin ya kai ciki. Ka roƙi nas ta nuna maka yadda ake matse audugar har ta daina ɗiga, da yadda ake bi da ita a harshe da dasashi da cikin kumatu, sannan ka tambaya sau nawa aka yarda a yi. Game da man leɓe, ka nuna mata wanda ka kawo kafin ka shafa, saboda man da aka yi da sinadarin fetur ba a son shi kusa da oksijin, kamar yadda ba a son turaren wuta ko hayaƙi ko ashana. A lokacin hunturu sai an ninka wannan kula. Bayan an cire roba ma ba a rugawa da kwanon fura: maƙogwaro yakan yi rauni, sai ma'aikata sun gwada haɗiyarsa da ɗan cokali, idan ya yi tari ko muryarsa ta zama kamar mai kurkure a dakata. Idan kwanciyar ta faɗo a watan azumi, ka tuna masa cewa ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun ɗauke wa maras lafiya, don akwai tsofaffin da ke ƙin magani da rana a ɓoye.

Na'urar numfashi da ɗaurin hannu

Wannan sashe asalinsa daga numfashi ya faro. A 1952 cutar shan inna ta ɓarke a Kwafanhegan, babban birnin Denmak, majinyata suna mutuwa saboda naman ƙirjinsu ya shanye. Wani likitan sa barci mai suna Bjørn Ibsen ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a riƙa tura iska, kuma da yake babu isassun na'urori, ɗaruruwan ɗaliban likitanci ne suka riƙa zama a gefen gado suna matsa jakar iska da hannu, suna karɓar juna dare da rana. Yau na'ura ta karɓi matsa jakar, zaman gefen gadon ne ya rage, kuma wani kaso nasa a wuyan dangi yake.

Wanda ke kan na'ura yakan ji kamar iskar ba ta isarsa, ko ana tura masa ita a lokacin da yake son fitarwa, sai tsoro ya kama shi, tsoron ya ƙara saurin numfashi, na'ura ta hau ƙara. Idan ka ga haka, ka fara kiran nas, domin wataƙila majina ce ta toshe ko saitin ne ke buƙatar gyara. Kafin ta gama, ka tsaya inda zai ga fuskarka, ka riƙe hannunsa, ka yi magana a hankali da gajerun kalmomi: "Kawu, ina nan, ku bar iskar ta shiga, kada ku ciji robar." Zuƙe majina yana da wuya ƙwarai, yana sa tari da hawaye da jin kamar an shaƙe mutum, amma kowace zuƙa daƙiƙa 10 zuwa 15 ce, kuma wanda aka gaya wa tun kafin a fara, aka ƙirga masa da ƙarfi, ya fi jurewa. Za ka ga an ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45. An yi haka ne don kada abin da ke ciki ya gangaro huhu, kada ka sauke shi don kana ganin zai fi jin daɗi a miƙe.

Ba abin da ke tayar wa dangi hankali kamar su shigo su tarar an ɗaure hannun mahaifinsu a jikin gado. Ba wulaƙanci ake nufi ba. Mutumin da bai gama farkawa ba hannunsa kai tsaye robar yake nufa, kuma fizge ta na iya yaga maƙogwaro ko ya yanke numfashi. Kada ka kwance da kanka. Ka tambaya ko za a sassauta muddin kana zaune kana riƙe da hannun, ka sanar kafin ka tashi, ka kuma duba ko ɗaurin ya bar shaida ko yatsu sun kumbura. Haka nan idan ka ga an rage maganin barci har ya fara motsi da yamutsa fuska, kada ka roƙi a mayar da shi barci don tausayi. Tun binciken da aka yi a Shikago aka wallafa a 2000, wanda ya nuna cewa waɗanda ake farkarwa kullum sun sauka daga na'ura cikin kusan kwana 5, sauran kuwa sai da suka haura 7, likitoci suka karkata ga barci maras nauyi tare da wadataccen maganin ciwo.

Sauran ƙananan abubuwan ba sa buƙatar dogon bayani. Robar fitsari tana sa mutum ya ji kamar fitsari ya matse shi kullum, sai a tuna masa cewa yana fita da kansa. Sanyin na'urar sanyaya ɗaki yakan dami wanda ya saba da zafin gida, a tambaya ko za a ƙara masa mayafi. Maganar sutura kuwa ba ƙarama ba ce: Hajiyar da ba ta taɓa fita ba mayafi ba, ganin kanta a buɗe a gaban baƙi yana iya fi mata ciwo zafi. A nemi a rufe mata kai da ɗankwali mai tsabta, a ja labule a lokacin wanka da gyara, a kuma roƙi mace ta yi mata idan akwai hali.

Idan ya fara sambatu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 1999 cewa ƙarar ɗakin majinyata da dare kada ta wuce desibel 30, wato kamar raɗa, amma awon da aka yi a sassan kulawa ta musamman a ƙasashe daban-daban kusan kullum yana haura 50. Ga fitila, ga awo kowace sa'a, ga ƙararrawar na'urori, wadda sau da yawa ba komai ba ne illa abin da aka maƙala a yatsa ya zame. Barci sai dai a yi shi gutsi-gutsi, dare da rana su cakuɗe. Ka kashe ƙarar wayarka, ka tambaya ko za a rage haske da dare ko a sa masa abin toshe kunne da na rufe ido, da rana kuma a bar haske ya shigo. Idan ka tarar yana barci, kada ka tashe shi don wani ya zo daga nesa yana son gaisawa.

Rashin barci, da zazzaɓi, da ƙarancin oksijin, da ciwo, da magunguna, su ke haɗuwa su haifar da ruɗewar da likitoci suka sani sarai, wadda a wasu binciken ta kama har mutum 8 cikin 10 na waɗanda ke kan na'urar numfashi. Mutum zai ga macizai a bango, ko ya rantse ma'aikata suna shirin kashe shi, ko dattijon da ba a taɓa jin ashar a bakinsa ba ya hau zagi. Akwai kuma mai shiru, wanda zai kwanta ya ƙura wa rufi ido, dangi suna murna ya samu natsuwa alhali a ruɗe yake, kuma shi ne aka fi kasa ganewa. A wurinmu fassarar da ke saurin zuwa ita ce iskoki ko jifa, kuma na san gidan da zumunci ya lalace saboda wata baiwar Allah ta ambaci sunan kishiyarta a cikin sambatu. Abin da mutum ya faɗa a wannan hali ba shaida ba ne a kan kowa, kuma bai kamata a fita da shi waje ba. Alama ce cewa ƙwaƙwalwa tana cikin matsi, a gaya wa likita nan take, musamman idan canjin ya zo farat ɗaya ko yana zuwa yana tafiya.

Kada ka yi musu da shi, kuma kada ka gaskata masa abin da babu. Idan ya ce akwai mutane a ƙarƙashin gado, ka ce, "Baba, na san kun tsorata, ni ban gan su ba, ina tare da ku, asibiti muke a Sakkwato, tiyata aka yi muku." Duk shigarka ka faɗi sunanka, da ranar, da lokacin, kuma ga mutanenmu lokutan salla sun fi agogo ma'ana: "Yau Juma'a, an sauko daga masallaci, la'asar ta kusa." Ka kawo masa tabaransa da abin jinsa idan yana amfani da su, domin wanda ba ya gani sosai inuwa ma mutum take zama masa. Carbi a hannu, da muryar jikoki da aka ɗauka a waya, da karatun Alƙur'ani ƙasa-ƙasa, ko shirin da ya saba saurare a gidan rediyon Rima, duk suna taimakawa, amma na ɗan lokaci, ba a bar masa abu a kunne yini guda ba. Sannan ranar wanka ba a ɓoyon cibi: idan ka san yana shan sigari, ko tramol, ko giya, ko ƙwayar barci, ko wani maganin gargajiya, ka keɓe da likita ka gaya masa, domin yanke irin waɗannan kwatsam yana kawo ruɗewa da jijjiga, kuma akwai maganinsa idan an sani.

Salla da dubiya

Damuwar da dattawa suka fi ɗauka a zuci, ba tare da ma'aikata sun lura ba, ita ce sallolin da suka wuce. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ce a yi salla a tsaye, idan ba a iya ba a zaune, idan ba a iya ba a kishingiɗe, kuma aya ta 6 ta Suratul Ma'ida ta halatta wa maras lafiya taimama. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan, ta ce wanda ya suma ba ya rama sallar da lokacinta ya fita yana cikin suma. Sauran mas'aloli, kamar jakar fitsari da rashin fuskantar alƙibla, a tambayo malamin da shi majinyacin ya yarda da shi a kawo masa amsa, domin daga bakin wannan malamin ne zuciyarsa za ta kwanta. Ka riƙa sanar da shi shigowar lokaci, kuma idan dutsen taimama za ka kawo, nas ta gani tukuna. Majinyaci Kirista shi ma a tambaye shi ko yana son a kira masa fasto ko a karanta masa abin da ya saba.

Dubiya ibada ce, amma ba a yi wannan ɗaki don taro ba. Mutum ɗaya ko biyu da ya fi sabawa da su sun fi masa amfani a kan ashirin da za su leƙo su yi salati su fashe da kuka. Kowa ya wanke hannu kafin shiga da bayan fita, mai mura ko tari ya tsaya waje. A zaɓi mutum guda mai natsuwa ya zama shi ke magana da likitoci yana isar wa dangi. A gefen gado kuma a ɗauka yana jin komai ko da idonsa a rufe yake, domin da yawa sun farka sun maimaita abin da aka faɗa a kansu. Lissafin kuɗin magani, da zancen sayar da gona ko shanu, da "anya kuwa zai yi rai," duk a bar su a waje; magidancin da ya ji ana karyar da dukiya saboda shi yakan fara neman a mayar da shi gida.

Jikin da ya daɗe a kwance

Naman jiki yana zubewa da sauri fiye da yadda ake zato. Wani bincike da aka yi a Landan aka wallafa a 2013 ya auna naman cinyar majinyata ya ga ya ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a kwana 10. Shi ya sa ma'aikatan gashin ƙashi da motsa jiki suke zuwa su zaunar da mutum a bakin gado tun yana ganin bai isa ba. Kada ka kore su da cewa a bar shi ya huta, ka ma roƙe su su koya maka yadda za ka riƙa lanƙwasa masa yatsu da idon sawu. Ana juya majinyaci kamar kowace sa'a 2 don gudun gyambon kwanciya. A fatarmu ba a cika ganin jan da littattafai ke faɗa ba, sai dai wurin ya ƙara duhu, ko ya yi sheƙi, ko zafi, ko tauri. A riƙa duba dunduniya, da ƙasan gadon baya, da ƙeya, da bayan kunne inda igiyar oksijin ke bi.

Wanda aka sa wa ranar babbar tiyata kuma aka ce zai farka a wannan sashe, yana da damar da sauran ba su samu ba. Ya tambayi likita tun yana da baki ko zai farka da roba, ya zaɓi wanda zai zauna masa, su shirya alamar e da a'a, ya faɗi abin da yake so a karanta masa da wanda ba ya son ya gan shi a wannan hali.

Tun daga ranar farko ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta layi biyu ko uku kullum: kwanan wata, abin da aka yi masa, wanda ya zo, abin da ya faru a gida. A asibitocin Denmak da Suwidin da Nowe an daɗe ana ajiye wa majinyata irin wannan littafi, saboda mutum yakan fito da kwanakin da suka ɓace masa, sai mafarkai masu ban tsoro da yake ɗauka gaskiya ne. Bayan sallama za a iya ganin kasala, da dushewar murya, da mantuwa, da firgita cikin barci, da zubewar gashi, da saurin fushi, na makonni ko watanni, kuma duk abubuwa ne da ya kamata a faɗa wa likita a ranar komawa asibiti. Kada a tura masa littafin da zarar an iso gida. A ajiye shi inda zai gani, ranar da ya tambaya da kansa abin da ya faru, wanda ya yi zaman jinyar ya zauna kusa da shi su karanta shafi ɗaya ko biyu, idan ya gaji a rufe sai wani lokaci.